Ina son in gina jarumi mai rufa-ido irin Gizo a D&D (Dungeons & Dragons, wasan gina labari tare a kan tebur), wace hanya zan bi?

Gizon_Balad:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wasan nan. Muna da tebur a nan Jidda, mu biyar, duk daren Alhamis bayan Isha muke haɗuwa a ɗakin wani abokinmu kusa da Bab Makka. Bugu na 5 muke amfani da shi, dokokin 2014. Jarumina na farko mayaƙi ne, ya mutu makon jiya yana tsare wa 'yan'uwansa gada, mai labarinmu, wanda ke jan ragamar wasan, ya ce in kawo sabo a mataki na 5 na ci gaban jarumi.

Abin da raina ke so shi ne mutum irin Gizon tatsuniyar da kakata ke yi mana muna yara. Ba ƙarfi, ba takobi, sai baki da wayo. Ya shiga fada hannu rabbana ya fito da akuya, sarki kuma yana sa masa albarka. Wani ya ba ni labarin wani aji, wato rukunin jarumi, mai suna Bigaila (Beguiler) a tsohon bugu, wai sana'arsa ke nan: rufa-ido, juya hankalin mutane, da sanɗa. Na duba littafinmu kaf ban gan shi ba. Wace hanya ce ta fi kusa da shi? Ba na son mai jefa wuta, muna da shi a tebur.

Bakatsinen_Batha:
Wa alaikumus salam. Ba za ka gan shi ba, don ba a kawo shi bugu na 5 ba. A Player's Handbook II ya fito, 2006, zamanin bugu na 3.5. Na yi shekara biyu ina wasa da shi tun ina gida, har yau ban sami wanda ya cike gurbinsa ba.

Ka fara sanin abin da ya sa ya yi daɗi, sai ka san abin da kake nema. Da makin Basira yake dabo, ba da na Kwarjini ba. Yana sa sulke marar nauyi ya yi dabonsa ba matsala. Yana gano tarko kamar ajin ɗan sane (Rogue). Makin gwaninta shida yake samu a kowane mataki, ban da abin da Basira ke ƙara masa. Babban abin kuma, ba ya zaman shirya dabo da safe: duk abin da ke jerin ajinsa na darajar dabon da ya kai, yana hannunsa. Tun daga mataki na 2, in ya yi wa mutum dabo ba zato, shingen tsira, wato lambar da sai mutumin ya kai da jifan ɗan lido kafin ya kuɓuta, na ƙaruwa da maki 1. A mataki na 5 yana iya yi ba tare da buɗe baki ba, a na 10 ba tare da motsa hannu ba. Kuma dabonsa na kaiwa har daraja ta 9.

A bugu na 5 an raba gadonsa gida-gida. Sai dai ka zaɓi kason da ka fi so.

Abu_Tamis:
Ba sai an wahala ba. Ɗauki ɗan sane, a mataki na 3 ka bi reshen mai dabo. Littafin da kansa ya ce yawancin dabonsa rufa-ido ne da juya hankali. Ga hannun nan da ba a gani, ya zaro mabuɗi daga ƙugun dogari kana tsaye nesa. Shi ke nan.

Bakatsinen_Batha:
Abu_Tamis, ɗan'uwa, duba jadawalin da kyau. Ɗan sane mai dabo sai mataki na 7 yake samun daraja ta 2, sai na 13 ya ga ta 3, ya tsaya a ta 4 a mataki na 19. Tebura nawa ka sani da suka kai 13? Wannan ɓarawo ne da ya iya dabo kaɗan. Gizon_Balad mai dabo yake so wanda ya iya sata.

Abu_Tamis:
Gaskiya ne, amma a mataki na 9 in yana ɓoye ya yi dabo, wanda aka yi wa zai jefa sau biyu ya ɗauki ƙaramin. Wannan ai shi ne abin da ka ce Bigaila na yi, har ya fi.

Injiniyan_Yanbu:
Ni ga lissafina. Mataki 1 na ɗan sane, sauran duka ajin mai littafi (Wizard), reshen rufa-ido. Ka fara da ɗan sane don ka sami gwaninta huɗu, sulke marar nauyi, da ninki (ninka makin ƙwarewa) a guda biyu. Ka ninka Sanɗa da Yaudara. Sharaɗin haɗa azuzuwan shi ne Zafin-nama 13 da Basira 13, ba wuya.

A mataki na 5, da Basira 18, shingenka 8 + 3 + 4, wato 15. Da Zafin-nama 14, Sanɗarka +8. Ladan reshen rufa-ido kuma, Ƙaramin Rufa-idonka na fitar da hoto da sauti lokaci guda, na kowa kuwa ɗaya ne kawai.

Kuɗin da za ka biya: kana bayan tsantsar mai littafi da mataki guda. Shi a 5 ya riga ya riƙe dabon Shashatau, kai sai 6. Kuma za ka rasa ƙwarewar jifan tsira na Hikima, wanda shi ne ke kare ka daga masu irin sana'arka. Ni dai na biya ban yi nadama ba.

Yar_Jarwal:
Kowa na ta lissafi, ba wanda ya ambaci ajin maroƙi (Bard). Ku yi mini adalci, Gizo mai littafi ne? Yaushe kuka taɓa jin ya zauna karatu? Bakinsa ne jarinsa. Maroƙi na da Kwarjini, wanda shi ne ke ɗauke da Yaudara da Lallashi, yana sa sulke marar nauyi, yana samun ninki a mataki na 3, dabonsa na kaiwa daraja ta 9 ba tare da ka gutsure ko mataki ɗaya ba. Ɓad-da-kama, Hoton Bebe, Raɗa, Shashatau, duk suna jerinsa. Ba dole ya riƙe garaya ba. Tawa 'yar dillaliya ce, da tallan turare take shiga gidajen manya.

Gizon_Balad:
Yaya Yar_Jarwal, wallahi kin taɓa ni da wannan. Dillaliya! Amma ku taimake ni da sunayen nan, ni sabo ne a zauren. Mene ne Hoton Bebe, mene ne Raɗa?

Mai_Zaure:
Mun Hausantar da su ne tun bara don hira ta yi sauƙi. A taƙaice: Ƙaramin Rufa-ido shi ne na kyauta, hoton abu marar motsi da bai wuce ƙafa 5 ta kowace fuska ba, ko kuma sauti, na minti 1. Hoton Bebe daraja ta 1 ne, yana kai ƙafa 15, yana motsi amma ba sauti, har minti 10. Ɓad-da-kama awa 1. Farin Jini na sa mutum ya ɗauke ka aboki na awa 1. Raɗa, ka faɗa masa jimla ɗaya ko biyu ya bi, har awa 8, muddin maganar ta yi kama da ta hankali. Layar Zana ka san ta. Shashatau daraja ta 3, duk wanda ke cikin ƙafa 30 ya kalla ya kasa tsira, sai ya tsaya sororo har a girgiza shi ko a ji masa ciwo.

Kawun_Misfala:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni dattijo ne a cikinku, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don in ga abin da yake yi. Ban ce kuna yin sihiri ba, na zauna na kalla, takarda ce da fensir da hira. Amma abu biyu na damuna. Na farko, ɗan lidon nan da kuke jefawa. Hadisin nardu, wato wasan allo da ake jefa ɗan lido, yana cikin Sahih Muslim, kuma lafazinsa mai tsanani ne. Na biyu, sunaye. Layar zana da shashatau ba ƙirƙira ba ce, abubuwa ne da mutane ke zuwa wajen boka nema, suna sayar da imaninsu. A garin da muke zaune, bai dace bakin yaro ya saba da su kamar sunan alewa ba.

Ɗalibin_Madina:
Kawu, Allah ya saka da alheri. Maganar nardu ba ta wasa ba ce, ni ma ta tsaya mini a rai. A teburinmu na ɗalibai mun ajiye ɗan lido, mun yanka takardu 20 mun rubuta lamba, ana zaro ɗaya daga cikin hula. Wani abokina ya ce ai duk sa'a ce, ban canza komai ba. Ban iya ba shi amsar da ta gamsar da shi ba, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Kowa ya kai tambayarsa ga malamin da ya amince da shi, ya bayyana masa wasan yadda yake: ba kuɗi, ba wanda ke cin wani, labari ne ake ginawa tare.

Abin da na kiyaye shi ne, Alƙur'ani ya siffanta aikin matsafan Fir'auna da cewa sun sihirce idanun mutane, a Suratul A'araf aya ta 116, a Ɗaha aya ta 66 kuma igiyoyinsu da sandunansu aka riƙa ganin kamar suna tafiya. Shi ya sa nake son kalmar dabo da muke amfani da ita, irin na ɗan dabon kasuwa da kowa ya san wayon hannu ne.

Mai_Zaure:
Kawu ya yi gaskiya kan sunayen, ni na sa su kuma na karɓi gyara. Daga yau Layar Zana ta koma Ɓoyau, Shashatau ya koma Sororo. Maganar hukunci kuma a kai ta inda ya dace, nan ba zauren fatawa ba ne.

Kawun_Misfala:
Madalla. Kuma kada wasan ya ci muku Asuba.

Ɗan_Maiwurno:
Salam. Ni haifaffen Maiwurno ne a bakin Shuɗin Nilu, yanzu ina aiki a Makka, jirgin Haramain nake bi in je wasa Jidda duk sati biyu. Bari in dawo da mu kan tambaya, don ina ganin ana ta zaɓen doki ba a koyi hawa ba.

Shekara uku ina wasa da ajin mai ubangida (Warlock), na ɗauki baiwar da ke ba shi Hoton Bebe ba iyaka da wadda ke ba shi Ɓad-da-kama ba iyaka, tun mataki na 2. Abin da na koya: rufa-ido na mutuwa ne da zarar an taɓa shi. Saboda haka kada ka ƙirƙiri abin ban tsoro, ƙirƙiri abin da ba wanda ke son taɓawa, ko wanda ba wanda zai kula da shi.

Da farko zaki nake yi. Zaki ba gurnani, ba wari, ba sawu a ƙasa. Kibiya ɗaya ta ratsa shi, asiri ya tonu. Wata rana dogarai shida suka biyo mu cikin wani lungu, muka sha kwana, lungun ya mutu. Na tambayi mai labari da me aka gina katangar. Ya ce jar ƙasa, da makwararar ruwa a gindinta. Sai na ja katanga iri ɗaya a gabanmu, har da tsagewar da damina ke yi da tulin shara a gefe, muka lafe a bayanta mu huɗu muna riƙe da numfashi. Dogarai suka leƙo, suka ga lungu ya ƙare ba kowa, suka wuce. Katanga ba ta numfashi, ba ta magana, ba wanda ke tsammanin ta yi. Tun daga ranar kayan aikina su ne katanga, buhu, ƙaya, kashin shanu, da bakin rijiya.

Yar_Jarwal:
Wannan shi ne zance. Haka Raɗa ma. In ka ce wa mai gadi "buɗe ƙofa ka tafi", mai labari na da hujjar cewa ba hankali a ciki. Dillaliyata cewa ta yi: "Baba, tun safe kake tsaye, ga masu kawo gaisuwa sun iso, je ka sanar da uwargida da kanka don tukuicin ya zama naka." Abin da zuciyarsa ke so ne dama, ni hanya kawai na nuna masa.

Abu_Tamis:
Ku yi hattara da Farin Jini. Awa na cika mutumin zai san an yi masa. Mu mun yi wa wani attajiri muka sayi dawakai rabin kuɗi, kafin mu kai ƙofar gari an rufe ta. Zama uku muka yi muna gyara ɓarnar.

Injiniyan_Yanbu:
Akwai abin da ba a faɗa ba, kuma shi ne ke kashe irin wannan jarumi: baki da hannu. Farin Jini sai ka furta kalmomi ka motsa hannu. A tsakiyar fada, gaban sarki, kowa na kallonka. Maganinsa na wajen ajin ɗan gado (Sorcerer), wanda da maki 1 yake yin dabo ba murya ba motsi. In ba ka son ajin gaba ɗaya, littafin Tasha na 2020 ya kawo baiwar da ke ba ka irin wannan salo biyu da maki 2, wato sau biyu a rana. Ka ɗauke ta a maimakon ƙarin Basira, shingenka zai sauka da 1, amma za ka iya yin aiki ido na ganin ido.

Ga wani sirri kuma: Ƙaramin Rufa-ido da Sororo dama ba sa buƙatar murya. Hannu ne da kayan aiki.

Ɗalibin_Madina:
A dokokin 2024, mai littafi na reshen rufa-ido ba ya buƙatar murya a duk dabon rufa-ido, daga mataki na 3. In mai labarinku zai yarda ku koma can, rabin matsalar ta kau.

Gizon_Balad:
Ba zai yarda ba, littafi ɗaya muke da shi, karo-karo muka yi muka saya. Amma akwai abin da ke ba ni tsoro fiye da wannan. Wanda ya taɓa gwada rufa-ido a teburinmu ya daina, don duk abin da ya yi, sai dogari ya miƙa mashi ya zungura. Ko akwati ne a cikin sito mai akwati ɗari.

Hajiya_Mai_Labari:
Ƙanena, to matsalarka ba ta aji ba ce. Shekara shida ina jan labari wa 'yan'uwana mata da ƙannena a Riyad, kuma na yi wannan kuskuren da kaina, na ga yadda ya kashe wa yarinya gwiwa. Mai labari ya san akwatin ƙarya ne, dogari bai sani ba. Raba waɗannan biyun shi ne aikin, kuma yana da wuya fiye da yadda ake zato, don kai ka gina gidan, kana jin zafin a shige shi a banza.

Littafin ya fayyace. Sai mutum ya ba da aikinsa na wannan zagaye ya tsaya ya bincika, ya jefa Bincike ya kai shingenka, ko kuma ya taɓa abin. Ba ya samun jifa kyauta don ya kalla kawai. Ni ƙa'idata, kafin dogari ya bincika sai na iya faɗa da baki dalilin da ya sa ya yi shakka. Ya san ɗakin nan shekara goma, jiya ba akwati a nan? To ya bincika. Baƙo ne? Ya wuce.

Ka sami mai labarinku kafin Alhamis, ku biyu, a kan shayi, ba a gaban jama'a ba. Ka tambaye shi yadda yake fahimtar dokar. Ka kuma tambaye shi me ke gaba a labarin. In wata uku masu zuwa cikin kushewa za ku yi da matattu masu tafiya da gumakan ƙarfe, da yawansu juya hankali ba ya kama su, masu gani ba da ido ba kuma hotonka bai dame su ba. Gara ka sani tun yanzu.

Abu na ƙarshe, kuma a kansa ba na sassauci: ba a yi wa jarumin ɗan tebur Raɗa ko Farin Jini sai da yardarsa. Na ga zumunci ya yi tsami a kan wannan.

Bakatsinen_Batha:
Hajiya ta gama magana. Zan ƙara ɗaya: Ɓoyau, Hoton Bebe, Raɗa da Sororo duk suna cin riƙon hankali, ɗaya kawai za ka riƙe a lokaci guda. In ka ɓace sannan ka yi wani dabo, ka bayyana. In an buge ka kuma sai ka jefa don kada riƙon ya kuɓuce, ka kai 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. Kada ka bar Juriya ƙasa da 14. Ɓad-da-kama ba ya cin riƙo, shi ya sa nake fara shiga da shi.

Ni har yanzu ina kan bakana, Bigaila mai Basira ne. Maroƙi ɗan'uwansa ne, ba shi ba ne.

Yar_Jarwal:
Malam Bakatsine, ai ba Bigaila ya ce yana so ba, Gizo ya ce. Koma ka karanta.

Sabon_Shiga_Dammam:
Don Allah a ina ake samun ɗan lido mai fuska 20 a nan? Kayan kairam da baloot kawai nake gani a shaguna.

Abu_Tamis:
Ta intanet muka yi oda. Kafin ya iso, manhajar waya na yi, ko takardun Ɗalibin_Madina.

Gizon_Balad:
Na dawo da rahoto. Na bi shawarar Hajiya, ranar Talata muka zauna da mai labarinmu a wajen mai ful, na karanta masa sakin layin Bincike. Ya yi shiru, sannan ya ce shi tsoronsa kada dabon kyauta ya riƙa warware masa duk abin da ya kwana yana shiryawa. Muka yi yarjejeniya: ni zan riƙa faɗin abin da nake so mutumin ya yarda da shi, shi kuma zai faɗi dalili kafin wani ya zungura.

Na ɗauki maroƙi, ku yafe ni Injiniya da Malam Bakatsine. Wanzami ne mai yawo da zabira, don wanzami na shiga ko'ina kuma kowa na sakin baki a gabansa. Jiya aka tsare ɗan'uwanmu a gidan wani hakimi. Na shiga da sunan aski, ina cikin yi wa shamaki gyaran fuska na sa kukan jariri ya tashi daga bayan rumbu. Gidan duka ya ruɗe, don ba mai jego a ciki. Kafin su dawo mai takobinmu ya ɓalle sakata. Ba a zubar da jinin kowa ba, kuma hannuna na rawa lokacin da nake jefawa.

Amma da muka fito aka yi faɗa da kuraye a hanya, na tsaya kamar baƙo. Sororo ɗaya na yi, biyu suka tsira, mai wutarmu ya ƙona sauran ya tashe su. Me kuke yi a irin wannan zagayen?

Injiniyan_Yanbu:
Ka ce wa mai wuta ya fara da waɗanda suka tsira, ya bar na tsaye. Wannan gyaran tebur ne, ba naka kai kaɗai ba. Da ka bi tawa, da aƙalla kana da littafin da za ka sauya dabo da safe.

Ɗan_Maiwurno:
Kura da hanci take farauta, hoto ba zai ruɗe ta ba. Babban Rufa-ido na daraja ta 3 yana da wari da sauti da ɗumi. Ka ba ta mushe a can gefen hanya.

Yar_Jarwal:
Damar yin dabon daraja ta 3 biyu kacal gare shi a mataki na 5, ya ƙona ɗaya a kan mushe? Ni da ƙarfafa mai takobi zan yi in adana. Hajiya, ke da kike jan labari, kura mai yunwa da ta riga ta ga nama a tsaye, za ki bar ta ta juya?

Hajiya_Mai_Labari:
In ba a riga an ji mata ciwo ba, zan bar biyu su juya. Uwar garken ba za ta juya ba.